A Kewaye Darbejiya Kafin Katafila Ta Shigo

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maiduguri ba sai an yi masa bayanin darajar inuwa ba. Daga hantsi zuwa bayan la'asar zafi kan haura digiri 40, iska ta ɗauke, kwalta ta riƙa huci, ɗakin da aka rufa da kwano ya gagari zama. A wannan lokaci rabin harkar gari gindin darbejiya take komawa. Mai faci yana can da famfonsa, mai wankin hula ya jera hulunansa suna shan iska, ga mai kankana, ga mai cajin waya, ga 'yan Keke Napep masu jiran fasinja, ga dattawan majalisa da tabarminsu da butocinsu. Da aka karya turakun lantarki na layin Damaturu a watan Janairun 2021, garin ya shafe watanni masu yawa babu wuta. A bazarar waccan shekara, wanda ba shi da janareto ko sola ba shi da wata mafaka da rana sai bishiyar ƙofar gida.

Bishiyoyin nan ba da kansu suka tsiro ba. Darbejiya, wadda da yawa ke kira dogon yaro, 'yar asalin Indiya ce da maƙwabtanta. A shekarar 1928 aka shigo da ita Nijeriya ta hanyar Gana, kuma a lardin Borno ta fara kama ƙasa. Garin kansa a lokacin bai daɗe da kafuwa ba, domin a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa, wato Maiduguri ta yau. Kusan tare gari da bishiyarsa suka girma. Wanda ya san abin da dashe yake bukata a ƙasa mai yashi, inda damuna ba ta wuce wata huɗu, ya san an sha ɗawainiyar ban ruwa da korar awaki kafin waɗannan layuka na bakin titi su tsaya da ƙafarsu. Mutanen da suka yi wannan wahala yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Mu muka gaji inuwar, kuma a hannunmu take lalacewa ta wata hanya da ba mu cika lura da ita ba.

Yau Maiduguri tana cikin gine-gine irin waɗanda aka daɗe ba a gani ba. An buɗe gadar sama ta Kwastam a watan Disambar 2021, wasu suka biyo baya. An sake gina Kasuwar Monday bayan gobarar watan Fabrairun 2023. Sai kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da kewayen fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya bar tituna da gadoji da magudanan ruwa da gidaje da makarantu suna jiran gyara. Ba na cikin masu ƙorafi a kan waɗannan ayyuka. Mutanen da suka shafe fiye da shekara goma cikin rikicin Boko Haram, sannan ambaliya ta biyo baya, sun cancanci titi mai kyau da lambatu mai jan ruwa. Damuwata ita ce kowane ɗayan ayyukan nan haƙa ne da cikon ƙasa da zirga-zirgar manyan motoci, kuma mafi yawansu a gindin tsofaffin bishiyoyi ake yin su.

A shekarar 2025 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan umarnin hana sare itatuwa barkatai a jihar. Abu ne mai kyau, kuma an daɗe ana jiransa. Sai dai dokar hana sara tana kama wanda aka gani da gatari ne ko injin yanka. Akwai kisan da ake yi wa bishiya ba a taɓa ko reshenta ɗaya ba, wanda babu jami'in gandun daji da zai iya nuna ranar da aka yi shi ko mutumin da ya yi. A ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, a saiwa.

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa saiwar bishiya ƙasa take nutsawa, gwargwadon yadda rassanta suka yi sama. Gaskiya ne darbejiya tana da uwar saiwa mai zurfi, kuma ita ce ke taimaka mata jure fari. Amma saiwoyin da take ci da sha da su, ƙanana masu laushi, mafi yawansu suna cikin ƙafa biyun farko na ƙasa, wato kamar santimita 60. Shimfiɗe suke kamar tabarma a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma sukan zarce iyakar inda inuwar take kaiwa da tsakar rana. A nan saman ne ruwan sama yake fara jiƙawa, a nan taki yake, a nan iska take ratsa ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Saiwa tana numfashi. Idan aka toshe waɗannan ƙofofi ta shaƙe. A gari irin namu, da ke zaune a kan yashin da tsohon Tafkin Chadi ya bari lokacin da ya janye, ruwan sama ba ya daɗewa a sama, don haka bishiya dole ta baza saiwa nesa domin ta cafki abin da ya sauka kafin ya wuce. Akwai kuma manyan saiwoyin gefe masu kauri da ke fita daga gindi. Su ne ke riƙe bishiya idan hadari ya taso.

Yanzu a duba yadda wurin aiki yake tafiya, daga ranar farko. Tifa ta zo da tsakuwa, direba ya duba ya ga wuri mai sarari da inuwa, ya juye a gindin darbejiya. Gobe ta dawo da yashi. Mota mai ɗauke da tan goma ko fiye ta bi ta kan wuri ɗaya sau da dama, ƙasar ta danne ta yi tauri, kuma mafi yawan dannewar a bin farko-farko take faruwa. Injin kwaɓa siminti ma a nan ake kafa shi, domin leburori ba za su iya tsayuwa a rana ba. Da yamma birkila ya wanke shebur da baro da cokalinsa, ruwan siminti ya gangara gindin bishiya ya nutse, alhali ruwa ne mai kaifi da ke ƙona saiwa. Janareto yana ɗigar da dizal, bakanike ya juye baƙin mai. Mai abinci ta hura wuta a jikin gangar. Inuwar bishiyar ce take jawo mata duk wannan, domin kowa a wurin aiki ita yake nema.

Sannan babban aikin ya zo. Katafila ta ja layin lambatu, taku ɗaya ko biyu daga gindi, ta tsinke duk saiwar da ke wannan ɓangare. Haƙorin katafila ba yanka yake yi ba, fizga yake yi, sai saiwar ta tsage har can kusa da gindi inda ido ba ya gani. Bayan an zuba kankare, a kawo jar ƙasa a yi ciko don titi ya ɗaga sama da ruwa, rola ta bi ta daddanne. Saiwar da take ƙafa ɗaya daga iska yanzu ta koma ƙafa uku. Daga ƙarshe a shimfiɗa intalok, a zuba siminti har wuyan bishiya don wuri ya yi tsaf. Ranar buɗe aiki ga ta nan kore shar, kowa ya ce an kyauta da ba a sare ta ba.

Na tsaya a wani layi da ake haƙa lambatu, inda katafila ta bar saiwoyi masu kaurin dantse a tsattsage, fararen cikinsu a waje suna bushewa a rana. Wani dattijo mai shayi, wanda teburinsa yake gindin bishiyar, ya matso kusa da shugaban leburori ya nuna masa ramin.

"Injiniya, sannu da aiki. Wannan saiwar fa da aka tsinke?"

"Baba, ai ba mu taɓa bishiyarka ba, ga ta nan a tsaye. Nan zane ya ce layi zai bi."

"To ba za a ɗan kauce mata ba, ko da taku uku?"

"Wallahi Baba ba a rubuta mana ba. Abin da ke takarda shi muke yi, shi ake biyanmu."

Mutumin nan gaskiya ya faɗa, kuma ba mugu ba ne. A amsarsa matsalar take gaba ɗaya. Ɗan kwangila yana aiki ne da zane da takardar ƙididdigar kayan aiki. Tsawon lambatu yana ciki, yawan rodi yana ciki, kaurin kwalta yana ciki, har allon da ke ɗauke da sunan aikin an yi masa kuɗi. Idan bishiya ba ta fito a zane ba, a idon aikin babu ita.

Abin da ya sa wannan ɓarna take wucewa ba a hukunta kowa shi ne bishiya ba ta mutuwa nan take. Tana da abincin da ta tara a jikinta, da shi take lallaɓawa. Shekara ta farko ba a ganin komai. A ta biyu ko ta uku sai a ga ganye ya ƙanƙance, inuwa ta yi shara-shara, rassan can ƙololuwa sun fara bushewa suna karyewa. Ruɓa ta shiga ta inda aka tsage saiwa tana cin gindi a hankali. Wani lokaci abin yakan ɗauki shekara biyar ko fiye. Kafin nan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, injiniyan da ya duba aikin an yi masa canjin wuri. Sai wata rana a farkon damuna, irin iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa ta taso daga gabas, bishiyar da aka yanke wa saiwar gefe ɗaya ta kife a kan katanga, ko wayar lantarki, ko Keke Napep da mutane a ciki. A ce tsautsayi ne, a ce bishiyar ta tsufa. Mafi muni, maƙwabta su tsorata su nemi a sare nasu tun ba su faɗo musu ba. Rami ɗaya da aka haƙa ba bisa lura ba yakan jawo asarar layi guda.

Maganin wannan ba wani abu ne mai wuya ba. Shinge ne na wucin gadi da ake kafawa kewaye da bishiya, nesa da gindinta, kafin kowace mota ta shigo wurin aiki, kuma ba a cire shi sai an kwashe kayan aiki an tafi. A Birtaniya akwai ƙa'idar gini mai lamba BS 5837, wadda aka sabunta a 2012, da ta fayyace yadda ake yi. Ana auna faɗin gangar bishiya daga gefe zuwa gefe a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12. Abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga gindi ta kowace fuska, kuma ba ya wuce mita 15 komai girman bishiyar. Ostareliya ma da wannan ninki na 12 take aiki. A cikin da'irar nan ba a haƙa, ba a ciko, ba a ajiye kaya, ba a kwaɓa siminti, ba a hura wuta, mota ba ta shiga. Shingen da suke so na ragar ƙarfe ne mai tsayin kamar mita biyu, a ɗaure a jikin turakun da aka kafa cikin ƙasa, da allo a jiki mai cewa ba a shiga. Sun nace a kan mai ƙarfi ne don sun san halin wurin aiki: igiya ko jan ƙyalle, direban farko da ya matsu zai ɗaga ya wuce.

Wanda ba shi da tef ɗin awo ma zai iya fitar da wannan lissafi da igiya. Ka zagaye gangar bishiyar da ita daidai ƙirjinka, ka riƙe tsawon da ya fito, ka auna irinsa huɗu daga gindi zuwa waje. Nan ne iyakar. Kamfanonin ruwa da lantarki da waya a Birtaniya da wannan awo na kewaye sau huɗu suke gane inda ya kamata su yi taka-tsantsan in za su haƙa. Darbejiyar da kewayen gangarta ya kai mita ɗaya da rabi, irin wadda ta cika tsofaffin unguwanninmu, tana bukatar kamar mita shida ta kowane gefe. Shingen da zai zagaye ta bai kai mita 40 ba. Idan bishiyoyi a jere suke a bakin titi, layi ɗaya za a ja a raba su da wurin aiki.

Kuma ba sai mun sayo ragar Ingila ba. Kowane ɗan kwangila a garin nan yana kewaye wurin aikinsa da langa-langa don kada a ɗauke masa siminti da rodi, kuma in ya gama ya kwance ya kai wani aikin. Da langa-langar nan, ko ragar waya, ko gora da katako, har da zana a ƙaramin aikin gida, duk za su yi, muddin an kafa turakun sosai ba mai iya turewa da hannu. Mu da kanmu mun san amfanin shinge. Duk wanda ya dasa 'yar bishiya a ƙofar gida sai ya jera mata bulo ko ya kewaye ta da ƙaya saboda akuya. Muna kare dashen wata uku da bai ba kowa inuwa ba, mu bar wadda ta shekara hamsin tana yi wa mutane hidima a gaban katafila ba ko tsinke a tsakaninsu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Akwai masu ganin wannan ɗabi'ar Turawa ce da ba ta dace da mu ba. Su koma zauren malamansu. A fiƙihun Malikiyya, a babin raya mataccen fili, an yi maganar harimi, wato filin da ke kewaye da wani abu mai amfani wanda ba a yarda wani ya shiga ya yi abin da zai cutar da shi ba. Rijiya tana da nata, kuma Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karantarwa a Borno, ya ba bishiyar dabino nata harimin gwargwadon abin da maslaharta take bukata. Malamai sun faɗaɗa hukuncin ga sauran itatuwa, suka bar ƙayyade faɗin ga waɗanda suka san sha'anin. Ma'ana tun kafin a ƙera katafila, shari'ar da mutanen ƙasar nan suka sani ta yarda cewa haƙƙin bishiya bai tsaya a gangarta ba, ya haɗa da ƙasar da take ci a ciki. Ninkin nan na 12 amsar masana ce ta zamaninmu ga tambayar da malamai suka bar musu. Ina fata limamai su ɗauki wannan batu a huɗuba, domin mun saba jin ladan dasa bishiya, ba mu cika jin nauyin da ke kan wanda ya kashe wadda wani ya dasa ba.

Manoman Maradi sun riga mu gane darajar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun daga 1983, lokacin da wani masanin aikin gona mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai, manoma suka koma barin su suna gyara su, abin da suke kira sassabin zamani. Miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar ba tare da an dasa su ba, a wuraren da dashen gandu ya sha mutuwa. Tsohuwar saiwa da ta riga ta kama ƙasa ita ce dukiyar. A Delhi kuwa, can ƙasar darbejiya ta asali, sai da kotun kare muhalli ta Indiya ta ba da umarni a 2013 cewa a fasa duk kankaren da ke cikin mita ɗaya daga gindin bishiyoyin birnin, bayan an ga yadda suke shaƙewa suna faɗuwa. Sun biya kuɗin zubawa, suka sake biyan na fasawa. A Nairobi, a 2020, hayaniyar jama'a ta sa shugaban ƙasar Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya ba da umarnin a bar wata tsohuwar bishiyar ɓaure da sabuwar babbar hanya ta nufa.

Na san abin da injiniyoyi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Titunanmu na cikin gari ƙunci gare su. Tsakanin katangar gida da kwalta wani wuri bai fi mita uku ba, a nan bishiya take, a nan kuma dole lambatu ya bi, musamman bayan abin da muka gani a 2024. Mita shida ba za su samu ba. Haka ne. Amma rashin samun duka ba ya halatta a bar komai. A kafa shingen a iyakar inda zai yiwu, ko da rabin da'irar ce. Inda dole rami ya ratsa, a ajiye katafila a sa leburori su haƙa wannan ɗan tsakanin da diga da shebur, a tono saiwar a gan ta. Bututun ruwa da wayar ƙasa ana iya zura su ta ƙarƙashin saiwa ba a yanke ta ba. Wadda kaurinta ya wuce santimita biyu da rabi a bar ta in da hali, in kuma babu makawa a yanke ta da zarto mai kaifi, yanka ɗaya mai tsabta, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a mayar da ƙasa da wuri kafin ranar Maiduguri ta busar da ita. Inda dole mota ta bi, a shimfiɗa katakai masu kauri a kan ɓuntu ko ƙaiƙayi don nauyi ya bazu. Lambatu kuma ba dole ne ya miƙe sak ba, yana iya ɗan karkata ya ba bishiya wuri, ko a mayar da shi ɗaya gefen titin. Duk wannan yana ƙara kwana ɗaya ko biyu a aiki, yana kuma ƙara wa leburori kuɗin yini, abin da garin nan yake bukata.

Wasu kuma cewa suke darbejiya ba ta mutuwa, ko ka sare ta sai ta toho. Tana da juriya, babu musu, kuma juriyar ce ta sa muke yi mata abin da ba za mu yi wa mangwaro ba. Amma a farkon shekarun 1990 an ga wata irin bushewa ta kama darbejiya a Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya zube daga sama, rassa suka tsaya tsirara, kuma masu bincike da dama sun danganta abin da ƙarancin danshi da taurin ƙasa. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da aikin gini yake jawowa. Sannan ita bishiya ce mai jure fari amma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Waɗanda ke unguwannin da ambaliya ta yi kwanaki a ciki sun riga sun sha wuya, kuma a unguwannin nan ne aka fi yin haƙa yanzu.

Gaskiya ne kuma saiwarta takan ɗaga daɓe, ta tsaga katangar da aka gina dab da ita, ta kutsa cikin lambatun da ya riga ya tsage. Wannan dalili ne na a ba ta tazara tun a zane. Akwai ma bishiyar da dole a cire, wadda ta ruɓe ko ta tsaya a tsakiyar inda gada za ta sauka. A cire ta a fili, da izini, a rubuta, a biya diyyarta da dashe. Wannan ya fi a bar ta a tsaye da rabin saiwa a kan hanyar da yara ke bi zuwa makaranta.

Maganar dashe kuwa, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Borno tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma kowace damuna ana raba dashe. Sai dai kada mu ruɗi kanmu da lissafin cewa an cire ɗaya an dasa goma. Daga cikin goman, nawa ne ke ganin damuna ta uku? Wadda ta tsira ma sai ta shekara goma sha kafin mai faci ya iya kafa sana'arsa a gindinta, kuma za ta girma ne a gari mai kankare da zafi fiye da wanda kakanninta suka samu. Dattijon nan mai shayi ba shi da shekara ashirin da zai jira.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma gwamnan da ke kan kujera farfesa ne a fannin injiniyancin ƙasa da ruwa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da rola take yi wa ƙasa ba. Kafin a zana kowane aikin titi ko lambatu ko makaranta, masu safiyo su sa kowace babbar bishiya a taswira yadda suke sa turakun lantarki, a ba ta lamba. Ma'aikatar ayyuka ta sa shingen kare saiwa a takardar ƙididdiga a matsayin abu mai kuɗinsa, domin abin da aka yi wa kuɗi shi ake yi. Hukumar tsara birane ta jiha ta sa shi cikin sharuɗɗan izinin gini, musamman ga masu gidajen mai da rukunin shaguna da manyan gidaje, waɗanda su ne suka fi malale fili da kankare daga katanga zuwa titi. Ma'aikatar muhalli tana da jami'an gandun daji, Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat suna da ɗalibai masu neman aikin gwaji. Su ne za su auna, su duba shingen kafin a ba da izinin shigo da injin farko. Ƙungiyoyin agaji da ke gina asibitoci da ajujuwa a jihar, waɗanda da yawansu daga ƙasashen da ake aiki da irin wannan ƙa'ida suka zo, babu dalilin da zai sa su yi ƙasa da haka a nan.

Bulamomi da lawanai, wato masu unguwanni da dagatai, su ma suna da ta cewa, domin su ne suka san wace bishiya ce majalisar unguwa, wacce ake sallar gawa a gindinta, wacce almajirai ke karatu a ƙarƙashinta. Idan aiki ya zo layinsu, su nemi ganin zane tun kafin a fara haƙa, lokacin da kauce wa bishiya gyaran layi ɗaya ne a takarda. Mai gina gidansa kuma ba ya bukatar jiran kowace doka. Ya auna da igiya, ya kafa turaku, ya nuna wa direban tifa inda zai juye, ya yi wa leburori rumfar buhu a wani gefe don su samu inda za su huta su bar gindin bishiyar.

Saura batun jinkirin mutuwa, wanda shi ne ƙofar da kowa ke fita ta ciki. A kwangilolin gwamnati an saba riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wata shida ko shekara bayan gama aiki, don in kwalta ta fashe ya dawo ya gyara. A yi wa bishiyoyi irin wannan, amma da wa'adin da ya dace da su. A ɗauki hoton kowace mai lamba kafin a fara aiki, a ware wani ɓangare na kuɗin riƙon a kanta, kada a sake shi sai jami'in gandun daji ya dawo bayan damuna biyu ya duba ƙololuwarta da gindinta ya sa hannu. Wadda aka samu ta bushe ta gefen da aka haƙa, a cire kuɗin cire ta da dasa madadinta da ban ruwansu na shekara uku daga wannan kaso.